A Mayar Mini da Gaisuwata

Ko zan manta da komai na shekarun koyarwata a Illo, ban da ranar da aka zo karɓar gaisuwa a hannuna.

Ina shirya ɗalibai ne don gasar gajerun labarai a Bagudo. Kullum ina faɗa musu cewa inda labari ya yi zafi a gajarta, a yi sauri. Gwanar ajin, 'yar wani masunci, ta rubuta yadda jirgin 'yan kasuwar Lolo ya fara nutsewa a hanyar tsallakawa ƙasar Benin. Wani masunci ya ruga neman agaji wurin dattawa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa shafi biyu cur. Ni kuwa na sa jan biro na soke ta kakaf.

Ashe masuncin labarin mahaifinta ne, kuma ta karanta masa gyaran.

Washegari sai ga shi bakin aji, fuska ba annuri. Yarinyar ta raɗa mini cewa ya rantse ba ta zuwa gasar. Ya zauna ya fara: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ɗalibai. Ya gaishe ni da Hausa, ya sake da Dandanci, har babur ɗina ya tambayi lafiyarsa. Ina ta amsawa, ban san abin da ke tafe ba. Wallahi na tsorata.

Sai can ya ce, "Malam, mi ni yi maka? Ɗiyata ta ce ka sa ni na hwaɗa ma manya babu ko sallama."

Na ce, "Baba, ai jirgi na nutsewa."

"Shi nutse mana! Wa ka jin kiran marar kunya? A maido min gaisuwata, in ba haka ba ba ta tahiya."

Na mayar, ina ƙunƙuni.

Ranar gasa tana cikin karantawa, ta kai kan "ya shanu, ya gero," sai wani alƙalin gasa ya buga tebur ya miƙe: "Don Allah ya faɗa musu mana, mutane za su mutu!" Zauren ya kwashe da dariya. Ita ta zo ta ɗaya.

Tun ranar na gane ba gudu kaɗai ke tsinka zuciyar mai karatu ba. Wani lokacin ka tsayar da shi a bakin ƙofa, ka yi ta tambayarsa lafiyar iyali.