Ranar da Muka Ce "Da Sauƙi"

Ko sunayen jikokina zan manta, kuma dama na fara, ba zan manta da ranar da na jagoranci masu ciwon gaɓɓai zuwa gaban hakimi ba.

A shekarun fari ne. Gero ya bushe a tsaye daga Tsamaye har Unguwar Lalle, aka fara kawo hatsin agaji Sabon Birni. Ƙa'idar ita ce kowa ya tsaya a layi da ƙafarsa. To ni ƙafar ce matsalar, don amosanin gaɓɓai ya riga ya cinye min gwiwoyi. Mu masu wannan ciwo sai mu koma gefe mu huta, kafin mu lallaɓa mu miƙe an wuce mu, buhuna sun ƙare. Wata gwaggona mai riƙon marayu ta sha komawa gida da ƙwarya wofi. In mun yi ƙorafi a ce, "Sanyin ƙashi cikin wagga rana? Ku dai ce ƙiwuya."

Abin ya ci min rai. Na bi gida-gida na tara 'yan'uwana masu ɗingishi, na naɗa kaina shugaba tunda ba wanda ya yi takara. Buƙatarmu ɗaya ce, a ba mu wurin zama a inuwa, a auna mana a can. Na tsara jawabi, na yi ta maimaita shi har jakina ya kusa haddacewa. Sannan na kawo dabarar da har yau nake jin kunyarta: kowa ya sa kayan sallarsa, a bar sanduna a ƙofar zaure, kada a ɗauke mu mabarata.

Muka shiga muna cije baki, muka durƙusa muka yi gaisuwa. Hakimi ya dube mu fes-fes da mu, ya ce, "Sannunku. An ce min ba ku da lahiya. Ƙaƙa jikin?"

Baki ɗaya muka amsa, "Da sauƙi, ranka shi daɗe!" Muryata ta fi ta kowa.

Ya ce, "Madalla. Allah shi ƙara sauƙi. Ku tashi ku kama layi kar a wuce ku."

Jawabina ya bi iska. Na yunƙura in tashi, gwiwa ta ce ba da ita ba. Na sake yunƙurawa, na cafki rigar dogari, sai ga shi a kaina, hulata ta gangara har gaban hakimi. Na waiga, duk jama'ata suna ƙasa, kowa na laluben sandar da ni na hana shi shigowa da ita. Fadawa suka fashe da dariya.

Gwaggo ce ta yi magana daga inda take durƙushe. "Ranka shi daɗe, gaisuwa ce munka amsa, amma sauƙi babu shi. Dubi nan." Ta ɗaga hannuwanta, yatsun duk sun kumbura sun karkace. "Da wanga hannu nika daka, da wagga gwiwa aka so in wuni tsaye. Ɗiyan da nika riƙo ba su ci komi ba tun jiya. Shi ko shugaban namu, don Allah a tashe shi."

Dariya ta ɗauke. Hakimi ya daɗe yana kallon hannuwan nan, sannan ya sa aka kwaso bencuna aka jera mana ƙarƙashin tsamiya. Ranar Gwaggo ta koma gida da gero. A hanya ta ce min, "Kai ɗan nan, wata rana ka bar jawabi gida, ka taho da sandarka."

Abin da na koya shi ne, ladabi da son girma sun kusa hana marayu tuwo. Mai ciwo in bai faɗi ciwonsa yadda yake ba, ba wanda zai faɗa masa. Har gobe in maƙwabci ya gaishe ni, "da sauƙi" nake cewa. Amma in wanda ke da ikon taimaka mana ne ya tambaya, sai in ce masa ya zauna, maganar tana da tsawo.