Gyaɗar da Suka Ci a Bakin Iyaka

A danginmu na wajen uwa, idan za a kai yarinya ɗakin miji, bayan tasoshi da tabarmi akan haɗa mata da ƙwarya guda ta irin gyaɗa. Ba gyaɗar kasuwa ba, tamu ta gida: ja ce, mai yaɗo, 'ya'ya uku a kwanso, ga mai kamar me. Da ita Inna ta zo gidan mahaifina a Gwangwan. Da ita kuma ƙanwarta, wadda muke kira Yafendo, ta tafi gidan nata mijin can arewa, a ƙasar Nijar. Man gyaɗar Inna da ƙulinta ba sa yini a kasuwar Karaye.

Sai kuturtar gyaɗa ta zo ta nannaɗe ganye, gonaki suka tsuke. Ɗan abin da ya tsira muka yi ta lallaɓawa, har fari ya zo ya ƙarasa shi. Inna ta gwada irin da malaman gona ke rabawa, ta matsa, ta ɗanɗana, ta taɓe baki.

"Wannan ai ruwa ne, ba mai ba," in ji ta.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rogo. Da aka sake buɗe iyakar Nijar bayan an rufe ta, muna samun hutu Inna ta kira ni.

"Ka je wa Yafendonka. In da sauran irin nan a duniya, yana wurinta."

Na tafi. Wallahi da na ga Yafendo sai da gabana ya faɗi, don yunwar shekarun nan ta cinye ta. Sun ci dusa, sun ci ganye, sun sayar da awaki. Amma da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta shiga ɗaki ta fito da tulu an liƙe bakinsa da laka. Ta fasa, ga gyaɗa da ɓawonta. Duk shekarun nan yara na kukan yunwa a gabanta, ba ta taɓa ko ƙwaya ba, domin ba a cin iri. Ta juye duka a ɗan buhu.

"Yafendo, ki rage rabi mana."

"A'a, ɗan nan. Ruwanmu ba shi da tabbas, in na shuka asara zan yi. Ku da Allah ya ba damina ku raya shi. In ya yi yawa, Yaya ta aiko min da nawa."

A bakin iyaka, ta ɓangarenmu, aka sauke mu ana duba kaya. Wani ma'aikaci mai kula da shigo da tsirrai ya kwance buhun, ya tura hannu.

"Malam, wannan na ci ne ko na shuka?"

Da na ce na ci ne, da tuni na wuce. Amma ni da alfaharina na ce iri ne, har na fara ba shi tarihi.

"To ina izininka? Ba a shigo da iri daga ƙasar waje sai an gwada shi, an tabbatar ba ya ɗauke da cuta."

Ƙasar waje! Gyaɗar da kakata ta shuka a bayan gidanta, yau ita ce baƙuwa? Na danne zuciyata na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma na ga abin da cuta ta yi wa gonakinmu, ban ƙi dokarku ba. Ga shi, ku gwada. Zan jira."

Ya yi dariya. Wai su ba su da abin gwaji a nan. Izinin kuma a babban ofis ake nemansa, can kudu, tun kafin mutum ya baro gida. Na ce to a bar ni in mayar wa mai shi. Ya ce abin da aka kama ba ya komawa, ƙonawa ake yi. Na yi magiya, na haɗa shi da Allah da Annabi, na ba shi labarin tulun nan. Ya miƙa wa wani buhun, ya ce, "Na gaba!"

Motarmu ba ta tashi da wuri ba, direba na can ana ta ja-in-ja da shi. Ina zaune a gindin bishiya, raina a jagule, sai hancina ya jiyo ƙamshi. Ƙamshin da na tashi a cikinsa ne, ko a mafarki ba zan kasa gane shi ba. Na zagaya bayan rumfar. Ga mai sayar musu da abinci ta ɗora kasko da yashi tana juyawa, ga mutumin nan da abokansa a kan benci suna ɓarewa suna watsawa a baki, ɓawo ya cika ƙasa.

"Haba, bawan Allah! Wannan ce ƙonawar?"

Bai ko ji kunya ba. "Wuta dai wuta ce, Malam. Ai yanzu ba za ta tsiro ba." Har da miƙo min, wai in taɓa.

Abin da na faɗa masa ba na rubutawa ba ne. Sai da fasinjoji suka riƙe ni, suna ta ba ni haƙuri, kada a kulle ni a banza. Mace ta hana 'ya'yanta cikin yunwa, ƙattai masu albashi sun cinye don marmari. Allah ya isa!

Na iso Gwangwan an yi ruwan shuka. Inna ta share fegin bayan gida, ta zuba taki, har ta aro sungumi. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi lafiyar ƙanwarta da yara ɗaya bayan ɗaya, amma idonta na kan jakata. Na faɗa mata abin da ya faru a bakin iyaka.

Can ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. In an kwana biyu ka koma, ta ɗan ƙara sam mana ko tafi guda ne."

"Inna, duka ta ba ni."

Ta zauna a kan turmi, ta dubi fegin nan.

"Yanzu in kaka ta yi, me zan aika mata?"