Takardar da Yaya Saudatu Ba Ta Rubuta Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Saudatu, Allah ya jiƙanta. Kamata ya yi in zauna in jero alherinta, amma gaskiya a wannan makon haushinta nake ji, kuma 'yarta ce ta tayar mini da shi.

Yaya malama ce a wata makarantar kuɗi a Yelwa, tana koyar da 'yan aji uku. Da ta samu cikin fari sai ta yi abin da aka tarbiyyantar da mu a kai, ta ja bakinta ta yi gum, ta ƙara faɗin hijabi. Shugaban makarantar yana gani, malamai suna gani, har 'yan kabu-kabu sun fara rage gudu in sun ɗauko ta, amma ba wanda ya furta. Da wata tara ya kama, mahaifiyarmu ta aiko aka tafi da ita gida Wara goyon ciki. Sallahu kawai ta bari wurin abokiyar aikinta, wai ba ta jin daɗi.

Ta haihu, ta yi wankan jego, ta yi arba'in, ta koma da goyonta. Sai ta tarar da wata a gaban allonta. Shugaban ya yi mata barka da fara'arsa, sannan ya ce, "Malama, ai ba ki rubuto takardar hutun haihuwa ba. Mun ɗauka kin bar aiki." Mutumin da matarsa ta zo suna har da turmin atamfa.

Daga nan sai bakin banda. Shekara goma sha bakwai tana bandar kifin da masunta ke fitowa da shi daga tafki, hayaƙi ya rine mata ido, tari ya zauna mata a ƙirji. Ban ce shi ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma ni na yi jinyarta, na san irin tarin.

Abin ya mayar da ita mai naci. Duk mai cikin da ta zo sayen kifi sai ta sha tambaya: "Kin rubuta musu? Kin aje hatsin da za ki ci? Sayi akuya tun yanzu, albashi ba ya biyo mutum ɗakin jego." Wasu su yi dariya, wasu su sauya wurin saye.

To, jaririyar nan ita ce Rukayya, yanzu tana aiki a ɗakin gwaji na wani asibitin kuɗi. Ranar Talata na leƙa ta, na ga hijabi ya ƙara faɗi. Wata shida. Na ce ta rubuta wa likitan da ke da asibitin? Ta sunkuyar da kai. "Inna, wallahi nauyi nika ji. Mi zan ce mai? Ai yana gani."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da ta tashi cikin wancan hayaƙin. Yaya ta gargaɗi matan Yelwa kaf, amma 'yarta ta fari, wadda ko sunanta ba ta iya kira don kunya, ba ta taɓa zaunar da ita ta faɗa mata ba. Da tana raye yau, na tabbata ni za ta aika in faɗa.

Na yago takarda na ajiye mata. Na ce, "Uwarki ta rasu ba ta kira sunanki ba, wannan kunyar ba ta cuci kowa ba. Waccan kuwa, ta ɓoye ciki, ita ta raba ta da allo." Ta yi kukanta, ta rubuta kwafi biyu, na raka ta.

Likitan ya sa hannu a duka biyun, ya rubuta ranar da za ta dawo, ya ce dama jira yake ta kawo.

Bandar Yaya ta rushe tuni, tambayarta ce kawai ta rage a bakina. Na duba agogo da muka fito, duka abin bai kai minti biyar ba. Minti biyar, Yaya.