Ranar da Verna ta ɓarke katangarmu

Shekara talatin da ɗaya Verna Kuhlman ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a unguwarmu ta bakin kogin Meramec. Ni ma ta ɗauke ni. Mace ce 'yar firit mai muryar maza, ba ta iya magana a hankali ba ko a coci. Duk wani kwari da ruwa ke kwanciya a titunanmu ta san shi, don ta sha maƙalewa a ciki da yara arba'in suna mata ihu.

Mu dai abu ɗaya muka gada: in kogi ya fara cika, kowa ya fito da shebur, mu jera buhunan yashi a bakin gaɓa. Haka iyayenmu suka yi. Ba wanda ya taɓa waiwayawa baya, don bayan unguwar fadama ce mai shanye ruwan sama. To, fadamar nan an cike ta, an gina gidaje ɗari uku da katafaren kanti, ko'ina kwalta da siminti.

A bazarar da nake ba ku labari, kwana biyu muka yi muna jera buhu, katanga ta kai ƙugu. Sai sama ta ɓalle da safe. Kafin rana ta take, ruwa ya hau matakala ta biyu a gidana, wanda ya fi na kowa gangare. Mahaifiyata na ciki a kwance, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, ta kuma rantse ba mai fitar da ita daga ɗakinta. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ina cikin ƙara buhu sai na hango Verna, da shekarunta saba'in, tana janye waɗanda muka jera.

"Inna Verna, kin haukace ne?" na daka mata tsawa. "Kashe mu za ki yi?"

"Kai Orrin, rufe min baki ka leƙa!" in ji ta. "Ina kogin yake?"

Na leƙa ta saman katanga. Wallahi kogin na can ƙasa, ko gindin buhunan bai taɓa ba.

"To ruwan da ke gidanka daga ina ya zo, sarkin wayo? Daga sababbin gidajen can yake gangarowa. Kun tare masa hanya, kun mai da unguwa baho!"

"In kogin ya taso fa?"

"Sai gobe zai iso. Ja buhu, ka bar surutu."

Na kama buhu na ja. Maƙwabta suka zo da faɗa, suka leƙa, suka sa hannu. Muka buɗe kafa kamar faɗin ƙofa biyu, ruwa ya kwarara da gudu har da kujerar wani. Cikin awa guda matakalata ta fito. Da yamma sama ta ɗauke, muka mayar da buhunan. Washegari kogin ya taso, ya jingina da katanga, ya koma.

Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Na shiga ɗaki jiƙe sharkaf, na zauna a bakin gadon mahaifiyata, sai ga hawaye. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Lafiya? Me ya faru a waje?"

"Ba komai, Mama."

"To tashi min daga kan zanen gado, kana jiƙa min shi."