Koren Rubutu a Gidan Kawu Bello

Ranar Asabar ɗin farko ta hutun bazara, shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandare, motar da ta ɗauko ni daga Rabah ta sauke ni a Goronyo rana tana tsaka. Abin da idona ya fara sauka a kai a gidan Kawu Bello, ƙanen mahaifiyata, wata waya ce mai ruwan toka wadda kaurinta bai kai ɗan yatsana ba. Ta fito ta wata 'yar kafa a bangon zaure, ta bi katanga a kan ƙusoshi, ta haye rumfar da ake shanya albasa, an ɗaure ta da tsumma a reshen dogon yaro, sannan ta shige tagar wani ɗan ɗaki kusa da madafa. Ina durƙushe ina gaida matarsa, Inna Hassi, amma idona yana bin wayar nan, har ta yi dariya ta ce, "Ke Luba, mu kinka taho gaidawa ko igiyar kawunki?" Na sunkuyar da kai. A lokacin haka nake, magana tana yi mini nauyi ko a gaban mata 'yan'uwana.

Kawu ya daɗe yana aiki a wani ofishin noman rani. Da aka kawo musu sababbin kwamfutoci, aka jibge tsofaffin a sito, shi kuwa ya roƙa aka ba shi wasu ya kawo gida. Da yamma ya kai ni ɗan ɗakin nan ya yaye wani tsohon zane. Wani akwati ne mai fuskar gilashi kamar ƙaramar talabijin, jikinsa ya yi launin haƙorin mai cin goro, a gabansa kuma ga madannan haruffa masu tsayi, waɗansu har sun goge. Ya kunna. Sai da muka jira kamar a sha ruwa a aje kofi kafin wani ɗan ɗigo kore ya fito a kusurwa yana ƙyaftawa. Ya ce sunanta tamina, amma shi "ɗiya" yake kiranta. "Wagga ba ta riƙe komi a kanta," in ji shi. "Uwar tana zaure. Duk abin da kinka buga, waya ka kai mata shi, ita ka maido amsa." Uwar wani dogon akwatin ƙarfe ne mai gurnani a hankali, yana kan tebur a kusurwar zaure tare da baturan mota biyu da wani ɗan akwati mai fitilu masu ƙyaftawa, wanda ya haɗa ta da injin fitar da takarda da kuma wata kwamfuta a shagon maƙwabci. A zaure ya ajiye ta domin bangon ƙasa ne mai kauri, ya fi ko'ina sanyi a gidan.

Ba don ado ya haɗa waɗannan kaya ba. Kawu ne magatakardan manoman da ke shan ruwa daga wata kwata da ta taso daga madatsar ruwa, kuma a bazara, lokacin da ruwa ke ja baya, kowa yana da ranarsa ta buɗe wa gonarsa. Sunayen suna cikin wasu littattafai da gumi ya jiƙa, yana so a zuba su cikin uwar domin a riƙa fitar da takarda ana mannawa a ƙofar zaure. Idonsa ya fara rauni, kuma yini yake a bakin kwata. Da ya ji ina karanta rubutunsa ba gargada, sai ya ce aikin nawa ne.

Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so ɗakin nan ba. Da sassafe mukan yi shara, mu ɗebo ruwa, in wanke kwanonin koko, sannan mu zauna ƙarƙashin rumfa muna yanke busasshen ganyen albasa, muna ware masu tabo kafin su ɓata sauran, har hannuna ya riƙa wari ko na wanke da toka. 'Yan matan unguwa kan leƙo su kira ni 'yar carafke ko gaɗa, in ce ina da aiki. Sai an yi azahar an ci tuwo Inna Hassi take sallamata, daga nan zuwa la'asar lokacina ne. In na danna harafi, madannin yakan yi ƙara kamar an fasa gyaɗa, sai harafin ya fito kore shar a kan baƙin gilashi. Na gane harafin A yana ɗan maƙalewa sai an danna gefensa na hagu. Na gane gilashin yana da wani ɗan wari kamar na dutsen guga in ya yi zafi. A makaranta in malami ya kira sunana muryata rawa take yi, amma a nan ina faɗar abu, ana amsa mini, ba wanda yake kallona.

Kwana uku na yi cikin wannan daɗi, a na huɗu abin ya fara. Ina cikin buga suna sai haruffa suka daina fitowa. Na danna, na sake dannawa, ɗigon yana ta ƙyaftawa kamar bai san ni ba. Wani lokaci sai wasu alamomi marasa ma'ana su watso a layin, su cinye rabin sunan mutum. Haka zan zauna, gumi yana bin bayana, kuda yana yawo a gilashi, ina jin lokacina yana ƙarewa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, in Kawu ya dawo gab da magariba ya zauna ya danna, sai ɗiya ta amsa masa lafiya lau. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Mi kinka taɓa?" In ce ban taɓa komai ba, da muryar da ni kaina ba na ji sosai. Ya ce, "To aljanu na, ke ɗai suka so." Yana wasa ne, amma ni kuka nake zuwa in yi a bayan rumbu. Na gwada wanke hannu kafin in shiga. Na gwada yi mata fifita da murfin kwano, ko zafi ne. Na gwada bugawa a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri. Kullum sai ta ɗauke, kuma kullum sai ta dawo kafin Kawu.

A mako na biyu na lura da wani abu. Kafin haruffa su ɗauke, ina jin wata ƙara daga zaure, ƙiiii, kamar ana jan katako a ƙasa. Tun ranar ta huɗun nan da ya dawo daga wata tafiya, kullum bayan azahar Baba Sidi yakan zo ya zauna a zauren. Tsoho ne fari tas mai sanda, shi ya koya wa Kawu da mahaifiyata karatun allo, kuma Kawu bai taɓa yi masa magana a tsaye ba. Wata rana Inna Hassi ta aike ni in kai masa ruwan randa. Na yi sallama, na durƙusa a bakin ƙofar ciki kamar yadda aka koya mana, na miƙa kwanon da hannu biyu, idona a ƙasa. A nan na gani. Baba yakan jawo dogon benci zuwa inda iska ke shigowa, ƙafar bencin kuwa sai ta kamo wayar nan mai ruwan toka, wadda ta ratsa kusurwa a ƙasa saboda tsawonta bai isa ta bi bango ba. Wayar ta miƙe tsam. Kanta da ke bayan uwar, wanda 'yan kusoshin ɗaure shi suka ɓace tun a ofis, ya karkace ya kusa fita. In ya tashi tafiya bayan la'asar, shi mutum ne mai tsari, sai ya mayar da bencin mazauninsa, wayar ta saki, kan ya koma ya zauna. Na dawo cikin gida da sauri, na ma manta da kwanon.

Sanin bai yi mini amfani ba, sai ma ya ƙara mini ciwo. Na raɓa kusa da Inna Hassi tana tankaɗe na faɗa mata a hankali. Ta aje rariya. "Rufa min asiri, ɗiyar nan. Baba Sidi za ki aza ma laifi? Wanda ya koya ma uwarki Fatiha? Wuce ki ba ni wuri." Da safe, lokacin da ba kowa a zaure, na shiga da tsintsiya na tura wayar jikin bango, amma da na saki sai ta dawo. Na ajiye tubali a gabanta don ya tare ƙafar bencin, Baba ya zo ya ture shi da sanda yana cewa yaran yanzu ba su san gyara wuri ba. Sau uku ina tsayawa a bayan Kawu yana alwala, na shirya maganar tun daga farko har ƙarshe, amma da na zo kan sunan Baba sai harshena ya ƙi. Yaya yarinya baƙuwa, wadda ba ta ko haɗa ido da manya, za ta buɗe baki ta ce tsohon nan ne?

Sai ga wani manomi daga wajen Giyawa ya zo a kan babur, ransa a ɓace. Sunansa ba ya cikin takardar da aka manna, ranarsa ta wuce, wani ya sha ruwansa, shinkafarsa ta fara nannaɗe ganye. Ina jin muryarsa daga madafa, ina jin Kawu yana ba shi haƙuri, na kuma san sunan yana cikin waɗanda alamomin nan suka cinye. Ranar Juma'a Kawu bai koma kwata ba, ya zauna da kansa gaban ɗiya bayan an sauko masallaci. Ina tsaye bakin taga na ji ƙiiii daga zaure, haruffa suka ɗauke a hannunsa. Na yi murna, na ce yau zai gani. Ya tashi ya nufi zaure, ya cire takalmi, ya gaida Baba yana kallon fuskarsa, ya waiga ya ga fitilun ɗan akwati suna ƙyaftawa yadda suka saba, ya ji uwar tana gurnaninta. Bai dubi ƙasa ba, kuma bencin ya tare bayan teburin. Ya dawo yana girgiza kai. "Ki yafe ni, Luba, ba ke ba ce. Uwar lafiya lau take, ɗiyar ce ta tsufa. Ran kasuwa in kai ta ga masu sayen tsohon ƙarfe, mu koma ma littafi." Ya wanke ni daga laifi, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Kwana biyun da suka rage na yi su kamar marar lafiya. Ina yanke albasa ina yanke yatsana. Ranar kasuwa da hantsi Kawu ya zare wayar daga bayan ɗiya, ya naɗe ta da zanenta, ya ɗora a bayan babur, ya shiga ɗaure ta da robar taya. Madannan ya soke su a gefe, harafin A yana leƙowa. Ina tsaye jikin dogon yaro da tsintsiya a hannu.

Yau ina da kwamfutar da nake sakawa a jaka, ba waya ko ɗaya a jikinta, tana magana da injunan da ban san ƙasar da suke ba. In ta ƙi aiki ba ni da inda zan durƙusa in duba. Kawu da Baba Sidi duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma hanyar da na bi daga Rabah ni kaɗai ina yarinya, yanzu sai an tambayi lafiyarta kafin a hau. Ɗiya kuwa ba ta je kasuwa ba. Ta ƙara shekaru tana aiki a ɗakin nan, an ƙara wa wayar tsawo ta bi saman ƙofa, kuma Baba ya ci gaba da jan bencinsa har ƙarshen rayuwarsa ba tare da wani ya ce masa komai ba. Na yi magana a gaban mutane da yawa tun daga lokacin, amma babu wadda ta yi mini nauyi kamar ta safiyar nan.

Kawu ya riga ya ɗora ƙafa zai tayar da babur lokacin da na aje tsintsiyar, na je na durƙusa kusa da tayar gaba. Ya ce, "Mi an na, Luba?" Ban ɗaga kai ba.

Na ce, "Kawu, don Allah ka bar ta sai wata kasuwa. Yau in Baba ya zo, kai ka kai mashi ruwa, ka durƙusa daidai inda nike durƙusawa."