Kartar da ta sa Yayata takabar mai rai

Abubuwa da yawa sun shige mini duhu tun da furfura ta fara fito mini, amma wannan kam, ina jin har in koma ga Allah ba zai bar zuciyata ba. Ba zan kama sunan kowa ba, don wasu suna raye, wasu kuma ƴaƴansu na iya karantawa.

A farkon shekarun 1990 ne, in ban yi kuskure ba. Na gama jami'a a Yamai, aka turo ni Konni in koyar a lakwal kafin a ga ko za a ɗauke ni aiki. Na kama ɗaki a wani gidan haya. Maƙwabciyata wata mata ce daga ƙasashen bakin teku, kowa Madam yake ce mata. Tana sayar da atamfa, amma abin da ya fi jawo mata jama'a shi ne duba da karta. Ba irin kartar caca ba ce. Manya ne, kowace da hotonta: sarki a kan kujera, rana mai fuskar mutum, wani an rataye shi ta ƙafa ɗaya. Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, saboda haka in magana ta yi zurfi sai ta ƙwanƙwasa mini in zo in fassara daga Faransanci.

Na san malamai sun hana. Ina dai lallashin kaina cewa ni ba na duba, bakina kawai ake ara. A nan na gane tambayoyin ɗan Adam ba su da yawa. Ɗan kasuwa zai ce kayansa za su wuce duwan, wato kwastan, lafiya? Ma'aikaci yana so ya san ko za a maido shi kusa da gida. Na taɓa ganin jandarma ya tuɓe hula, yana tambaya cikin ƙaramar murya ko yarinyar da yake nema da gaske take sonsa. Wasu kuma, wa ya sa mini hannu? Amma wadda ta fi yawa, musamman a bakin matan ƙauye, ita ce: wanda ya tafi, zai dawo?

Ban taɓa zaton wannan tambaya za ta fito daga gidanmu ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga Yayata daga Tajaye, tare da wan mijinta, sun zo Madam ta duba musu. Mijin nata ya tafi cin rani Abijan shekara huɗu ke nan, ba wasiƙa, ba saƙo. Wan shi ke nome gonarsa, shi ke ciyar da ita da ƴaƴanta uku. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta kama shi. Na kuma ji ƙishin-ƙishin cewa wani a garin ya fara tambayar ko Yaya tana da aure ko ba ta da shi.

Na ce mata, "Yaya, anya? Wannan abu fa bai da kyau sosai."

Ta ce, "Auta, kai kana ciki kullum bai ɓaci ba, sai yau da ni na zo?"

Muka shiga.

Madam ta sa Yaya ta raba kartar gida biyu da hannunta, ta ambaci sunan mijin a ranta. Madam ta buɗe ta fari, ta buɗe ta biyu. Sai ta juya ta uku. Ƙwarangwal ne tsaye riƙe da lauje, ga kawunan mutane a ƙasa kamar an girbe gero. Wannan hoto ba ya bukatar tafinta. Yaya ta dafe ƙirji. Wan mijin ya matso har numfashinsa yana taɓa wuyana.

Madam kuwa ko a jikinta. Ta ce mini da Faransanci wannan karta tana yawan tsorata mutane a banza, ba mutuwa take nufi ba, yankewa ce: mutum ya bar wani wuri ko wata sana'a ya koma wata. Ta ce in gaya musu ita ba ta ga gawa ba.

Wan mijin, da ke ce mini Mushe yadda ake kiran malamin lakwal a wurinmu, ya ce, "Mushe, mi tac ce?"

A nan na yi kuskuren. Na ce a raina, in na ce ba ta ga mutuwa ba, alhali mutumin ya rasu, na yi wa Yaya ƙarya. In kuma na maimaita maganar Madam gaba gaɗi, kamar na gaskata duba ke nan. Sai na cire tabarau na goge. Na sunkuyar da kai. Na yi ajiyar zuciya, na ce, "To, Yaya, al'amarin nan ba a yanke shi kai tsaye. Komai na Allah ne. Sai dai a ƙara haƙuri."

Na manta, ko in ce karatu ya mantar da ni, cewa a wurinmu haka ake kai labarin rasuwa. Ba a faɗa gatsau. Mai saƙon yakan zauna, ya dubi ƙasa, ya yi ta kewaye yana ambaton haƙuri, har mai gida ya gane da kansa. Yaya ta yi salati a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wan mijin ya dafa kafaɗata ya ce, "Mun gode, Mushe, ka yi mana kara." Na bi su ina cewa ai ba haka nake nufi ba ɗari bisa ɗari, amma motar kasuwa tana shirin tashi, suka shige. Na koma ɗaki ina gaya wa kaina ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Kwana biyu bayan haka, ina fitowa daga aji, wani direban garinmu ya tare ni ya yi mini ta'aziyya. Ya ce yau ake sadaka, Yaya kuma ta shiga takaba. Nan take na ga ƙarshen abin: wata huɗu da kwana goma, a raba gona, a ɗaura mata wani aure. In mutumin yana da rai fa? Aure kan aure, kuma da bakina.

Na ari babur wurin wani abokin aikina na kama hanya cikin rana tsaka. Duk tafiyar ina shirya jawabi ina rushewa. Da na isa, na tarar da tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun cika, liman a tsakiya, daga ciki ana jin dakan gumba. Na durƙusa na gaishe su, aka fara yi mini gaisuwar rashi. Sai na ce ina da magana.

Dole na fara da tona kaina, cewa ni malamin lakwal ina yi wa mai duba tafinta. Na ga fuskar liman ta canza. Wan mijin ya miƙe ya ce, "Da idona na gani! Ƙashi da lauje! Kai kuma ka duƙad da kai!"

Liman ya ɗaga masa hannu, ya juyo gare ni. "Ya mutu ko bai mutu ba?"

Na ce, "To, Allah gafarta Malam, ana iya cewa, in aka duba ta wani gefe..."

Ya ce, "Mushe, ba lakwal muke ba. Akwai mace ciki tana takaba."

Na ce, "Ban sani ba. Matar da ta yi duban ma ba ta sani ba. Ba wanda ya ce ya mutu."

Liman ya tambayi jama'a wa ya ga gawa, wa ya yi mata wanka, wa ya sallace ta. Ba ko ɗaya. Ya ce a naɗe tabarmi, ba a takaba a kan hoto. Wani tsoho ya ce, "Gumbar fa?" Liman ya ce, "A ci, sadaka ba ta ɓaci."

Na shiga wurin Yaya. Ba ta yi murna ba. Ta dube ni ta ce, "Auta, ka kashe shi shekaranjiya, na yi kukana na gama. Yau ka tashe shi. Yanzu ina zan sa kaina?"

Daga ranar ban ƙara taka ɗakin Madam ba. Na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na rubuta wasiƙu, na bi direbobin manyan motoci ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su kai wa ƴan garinmu da ke can. Bayan wata bakwai wani ya kawo kaset. Muka taru a ɗakin Yaya aka sa a rediyo. Muryar mijinta ce. Ya faɗo daga bisa gini ya karye, ya daɗe kwance, kunyar dawowa hannu wofi ta hana shi ko aike. Yaya ta sa aka maimaita kaset ɗin sau uku. Ya iso gida kafin shuka, yana ɗingishi.

Na daɗe ina ɗaukar kwana-kwana a matsayin taka-tsantsan. Ashe sau da yawa kare kaina kawai nake yi, in bar wa wani nauyin fassara shiruna. Mutumin da ke cikin fargaba ba ya jin "wataƙila", abin da yake tsoro shi yake ji. Abin da ka sani, faɗe shi a miƙe. Abin da ba ka sani ba, ɗaga kai ka dubi mutum a ido ka ce ba ka sani ba.