Hannun da ya ƙi taɓa ƙasa

Maƙwabcina a Al Khabaisi mutumin Nijar ne, makaniki a Ras Al Khor. Kafin ya zo Dubai ɗan kokawa ne. Ni na ja shi zuwa inda nake koyon jujutsu ranar Lahadi.

Malaminmu, wani dattijo ɗan Brazil, yakan fara da tarihi. Mayaƙan Japan na zamanin da sulke suke sawa, naushi ba ya ratsa su, shi ya sa suka ƙware a kayarwa da murɗe gaɓa. Daga nan judo ta fito, daga judo kuma irin wadda muke yi yau. Sannan ya faɗi doka: wanda aka kama ya daki tabarma ko jikin abokin karawarsa, a sake shi. Na taƙaita wa maƙwabcina, na ce, "In ka ji zafi, daki tabarma."

Aka haɗa shi da wani siririn ɗan Filifin. Kafin in gyara zama maƙwabcina ya sure shi ya nana da ƙasa. Ya juyo yana murmushi.

"Khalas, an gama, ɗan'uwa. Ita ke nan kokawar Japan ɗin?"

A wurinmu wanda ya faɗi an gama da shi, a nan kuwa lokacin ake farawa. Daga kwance mutumin ya harɗe masa hannun dama da ƙafafu, ya banƙare shi. Maƙwabcina yana tsaye a sunkuye.

Na ce, "Daki tabarma. Da hannun nan kake riƙe sifana."

Ina kallo hannunsa na hagu ya sauka, saura taki ɗaya ya taɓa tabarma, ya tsaya. Sai muka ji ƙas. Ɗan Filifin ya sake shi ya ja da baya, bakinsa a buɗe.

A asibiti aka ce gocewa ce a gwiwar hannu, ba karaya. A hanyar gida na tambaye shi dalili.

"Tun ina ƙarami aka hana hannun nan taɓa ƙasa a filin kokawa. Na ce ya sauka, ya ƙi."

Wata guda bai kwance ko noti ɗaya ba, amma maigidansa ya jira shi. Da ya warke muka koma, malam ya kama tafin maƙwabcina ya daki kafaɗar kansa da shi sau biyu, ya ce haka ma ya isa.

Maƙwabcina ya juyo gare ni.

"Wannan ɗin, me ya hana ka fassara mini?"

Ban ɗauka akwai bambanci ba.